Takardar da Hamza Ya Sa wa Hannu

Zuwa ga Yaya Safiya, Gumel.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Na rufe wayata, shi ya sa na ba direban Maigatari wannan takarda.

Kin ji rasuwar Siddiq, abokin aikina, amma ba ki ji yadda aka yi ba. Injin da ke ba da wuta a tasharmu ta lantarki, zafin cikinsa ya isa ya narkar da ƙarfe. Don haka ake fesa wa fukafukan da ke juyawa a cikinsa wani shafe mai tsare su daga zafi. Aikina duba shafen nan. A watan jiya na ga ya fara ɓarewa a fukafuki uku. Na gaya wa oga, ya ce, "Hamza, in muka tsayar da inji wata biyu, kai za ka yi wa mutane bayani? Sa hannu a takarda cewa lafiya lau yake." Na sa.

Ranar Talata fiffike ɗaya ya karye, injin ya tarwatse. Siddiq na tsaye gefensa. Ni na ɗauko shi daga Gagarawa, Yaya, ni na samar masa aikin.

Ƙaninki, Hamza.

Hamza,

Wa alaikas salam. Kwana biyu ke nan na kasa cin abinci. Jiya na je Gagarawa gaisuwa. Inna Cindo, mahaifiyarsa, ta riƙe hannuna tana sa maka albarka, wai kai ka wanke shi, ka rako gawarsa har tashar mota. Ta ji ka aiko takarda, ta ce in karanta mata. Gaisuwar kawai na karanta, sauran na ƙirƙira. Ka bar maganar nan a cikinka, tsohuwar ba ta da kowa yanzu sai kai.

Allah ya sassauta maka. Yayarka, Safiya.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan iya karɓar albarkarta a haka ba. Na ajiye aikin. Don Allah ki koma ki karanta mata duka.

Hamza.

Hamza,

Na karanta mata. Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Shi Siddiq ya san da ɓarewar nan lokacin da ya je ya tsaya a wurin?" Na ce ban sani ba.

Ta ce kada ka zo tukuna. Amsar kawai take jira.

Ka huta lafiya. Safiya.