Ranar da Mahasin Ta Kalli Teku

Darrasa, Alƙahira
Agusta, 2014

Zuwa ga Yaya Dije,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙauna da kewa, da fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, ya raya mana yara. Mu nan ƙalau muke. Maigidana Tanimu ya ci jarrabawarsa, sai hura mini hanci yake yi.

Yaya, albishir gare ni. Kin tuna Mahasin, tsohuwar da muke haya a gidanta? Mijinta sojan ruwa ne, jirginsu ya nutse a yaƙi tana amarya, ko gawarsa ba a gani ba. Al'adar mutanen nan, ranar Sallah sukan kai gurasa da dabino maƙabarta su yi wa mamatansu sadaka. Ita kuwa ba ta da kabarin zuwa, sai ta gasa gurasar ta zauna tana kallon maƙwabta suna wucewa. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Bana na ce ba za ta saɓu ba, kin san ni da naci. A Iskandariyya, daf da bakin teku, akwai wurin tunawa da sojojin ruwa irin mijinta, mai dogayen ginshiƙai farare. Na dame ta har ta ce khalas, wato shi ke nan, za ta. Da muka isa mu uku da Tanimu, tana jin ƙugin ruwa ta toge a cikin tasi, ta rufe fuska da mayafi, ta ce ma'alish, wato mu yi haƙuri, mu koma. Ni dai na suri kwandon gurasar na fita. Ban yi nisa ba na ji ƙarar sandarta a bayana, tana faɗa wai wa ya ba ni izinin raba sadakar mijinta.

Da hannunta ta raba gurasar tas. Ta hau matakala, ta kira sunansa, Hamad, ta yi masa addu'a, sannan ta juya ta ƙura wa tekun ido. Wallahi kukan daɗi na yi. Daga nan ta ja mu wajen masu gasa kifi. Ashe tun da Hamad ya tafi ba ta ƙara sa kifin teku a baki ba. Ranar ta cinye nata, ta miƙa hannu cikin na Tanimu.

Ki gaishe mini da Inna, da Kawu Sulaimanu, da Hassumi, da 'yata Nana Aisha. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Zainaba