Ruwa Ya Hau Ni

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, na yi abin kunya. Shekara shida ina aikin jinya a asibitin nan, ba wanda ya san ni 'yar tudu ce. In ana yi wa mutanenmu dariya a ɗakin hutu, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Shekaranjiya aka kawo wata tsohuwa daga wajenmu. Ta riƙe hannun babbar sista tana cewa ruwa ya hau ta. Kin san a bakinmu wannan na nufin numfashi na ƙwacewa. Su kuwa suka ɗauka ƙishi take ji, aka miƙa mata kofi. Ina tsaye da abin awon jini a hannuna, na gane sarai, na yi gum. Sai da ta faɗi aka ruga da ita. Ɗanta, wani direba, ya yi ta ihu har ya fasa gilashin ƙofa. Yanzu yana tsare, ana cewa halin 'yan tudu ke nan.

Gobe kwamiti zai zauna. In na yi magana, aikina na iya tafiya. In na yi shiru, shi zai tafi gidan yari. Kullum ina tsine wa masu raina mu a zuci, ashe ni ce a sahun gaba. Tsoro nake ji, Inna, ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida su Kawu. Da fatan ƙafa ta lafa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa wa kwamitin komai. An saki direban, ni kuma an dakatar da ni wata guda. Babbar sista ko kallona ba ta yi. Amma shugaban kwamiti ya ce in rubuto irin waɗannan kalmomin namu a manna a bango. Sha ɗaya kawai na tuna, sauran sai ke.

Tsohuwar ta farfaɗo. Da na je ɗaukar jakata na gaishe ta da harshenmu, ɗaki cike da mutane. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi 'yar gidan wa ce ni, da kuma abin da ya hana ni amsa ta ranar. Ta farko na amsa da ƙarfi, na faɗi sunanki. Ta biyun kuwa, Inna, ban amsa ba, ina tafe da tambayar gida ranar Asabar.

Ki huta lafiya.

Taki,
Auta