Wa Zai Fara Mini Dariya, Zalman?

Zuwa ga Zalman, ranata mai leƙowa bayan ƙanƙara, iskar tekun da ke shigo mini ta taga, ɗan tsohona mai kunnuwa kamar faifai.

Tun da ka ja akwatinka ka tafi Baltimore wurin yayarka Basha, gidanmu na Brooklyn ya yi tsit kamar kogin da sanyi ya daskarar. Ina dafa miyar kaza ta mutum biyu, in zauna ina hararar kujerarka. Jikarmu Perel ta ce, "Kaka, ki buga masa waya mana." Na ce, "Ke, kakanki in yana fushi kurma ne, amma idonsa garau."

Duk wannan fushin a kan fim? Na ji, sun yi fim a kan rayuwata, sun ɗauko yarinya mai dogon wuya ta zama ni, sun ba ta wani zankaɗeɗen matuƙin jirgin ruwa yana rera mata waƙa, kai kuwa ko hularka ba su nuna ba. To kishi kake da mutumin da ba a taɓa haifa ba? Gashin kansa ma na aro ne, da idona na ga ana manna masa.

Me suka sani? Sun san cewa duk garin da na hau dandamali ina barkwanci, akwai wani siririn saurayi a cikin 'yan kallo, zaune kamar bai taɓa ganina ba, aikinsa ya fara dariya sauran su bi? Ka tuna ranar nan a Buffalo, mutane sun dunƙule cikin rigunan sanyi, fuska a murtuke, magana ta ɓace mini ɓat? Sai ka kece da dariyar nan taka mai kama da kukan agwagwa, a kan babu komai, kana dukan cinya, har mai gadi ya shaƙo kwalarka. Kafin ya kai ka ƙofa kowa ya kamu, ni ma maganata ta dawo. Wane matuƙin jirgi ne zai yarda a ja shi a ƙasa saboda ni?

Ran Lahadi za a fara nuna fim ɗin, sun ce sai na hau na ɗan taɓa barkwanci kafin a kashe fitila. Bakina ne kawai ya amsa. Zalman, ban taɓa tsayawa gaban jama'a babu kai a cikinsu ba. Da tsufana, ban ma sani ba ko ina da ban dariya, ko kuwa kai ne ka yi ta ruɗar Amurka duk shekarun nan. Ba na son in gano amsar ran Lahadi.

Ka dawo, ya ruwan da tsohuwar bishiyar nan ke sha! Ka zo da fushinka, akwai wurin ajiye shi a gida. Na sa an keɓe maka kujera a tsakiya, na goge baƙar kwat ɗinka, na ɗinke aljihun da ya yage. Zan leƙa ta bayan labule. In na ga sanƙonka yana sheƙi, zan fito. In ban gani ba, sai su kashe fitilarsu su kalli mai dogon wuya.

Taka tun kafin a san sunana, taka har bayan an manta shi,

Fruma