Faifan Bikin Lovelyn

Handsworth, Birmingham
Oktoba, 2023

Ƙawata Maman Nabil,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Injiniya? Yaya Nabil da matarsa Rumaisa, da ke kanki mai jinya? Ubangiji ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a cikin kwali. Na san in na kira ki a waya za ki fara cewa ɗawainiyar ta yi yawa, ni kuwa ba na son ji.

Tun ranar da na zo duba ku hankalina bai kwanta ba. Na san Injiniya Bara'u tun muna kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, lokacin da shi da marigayi mijina Bartholomew suke cika mana tsakar gida da gardamar ƙwallo. Mutumin da ba a iya ƙwace magana a bakinsa, sai ga shi zaune yana kallon bango, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da harshe. Ga ƙatuwar talabijin a gabansa a kashe. Da na tambaya kika ce ke ba ki gane kanta ba, komai sai an shiga intanet, sai an jira Nabil ya dawo daga ofis.

To ga na'urar DVD nan. Mai araha ce, kada ki ɗauka wani abin kirki ne, ko sunan kamfanin ban taɓa ji ba. Amma irinta ce a care home, gidan kula da tsofaffi, inda nake aiki, kuma tsofaffina sun fi son ta da komai. Waya ɗaya za a soka a bayan talabijin. A danna maɓallin farko faranti ya fito, a ɗora faifai, a sake dannawa, shi ke nan. Ba ta zaɓen faifai, har wanda aka buga a kasuwar gida tana karantawa. Na haɗa da finafinan barkwanci na Hausa da na taho da su tun zuwana ƙasar nan.

In bai so ba, ke ki kalla. Na ga yadda kika rame, ke ma kina bukatar abin da zai ba ki dariya.

Taki,
Celestina

*

Fallowfield, Manchester
Nuwamba, 2023

Zuwa ga 'yar'uwata Maman Lovelyn,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da abokan aikinki. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Tunda kin fara da takarda, ni ma da ita zan amsa. Tsohuwar malamar makaranta ba ta ƙin alƙalami.

Da Nabil ya buɗe kwalin sai da ya yi dariya, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana jami'a, kuma duk abin da ke cikin faifan nan zai iya nemo mana a waya. Na ce ya haɗa mini kawai. Ya haɗa, ya nuna mini sau ɗaya, na iya.

Gaskiya tana da halinta. In tana karanta faifai sai ta riƙa gurnani kamar keken ɗinki, rimot ɗin kuma sai an saita shi daidai da ita take ji. Amma ba ta taɓa tambayata wata lambar sirri ba.

Ranar farko Malam bai ko juyo ba. Na saka fim na zauna ina gyaran wake. Kashegari, da aka zo wurin da wani mai shayi yake rantsuwa bai tsarma madara ba ga bokitin ruwa a bayansa, sai na ji wani sauti. Na ɗaga kai na ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga, kafaɗarsa tana rawa. Maman Lovelyn, tun da ya faɗi a watan Yuni ban ga haƙorinsa ba sai ranar.

Yanzu mun sami tsari. In mun dawo daga asibiti a Oxford Road, ko an gama da mai gashin ƙashi, sai in jera masa faifan a kan tire ya nuna wanda yake so da hannun hagu. Har rimot ya karɓa. Maɓallansa manya ne kuma kaɗan, babban yatsansa yana iya su. Ki gane, mutumin da ake yi wa wanka, a ba shi abinci, a juya shi, ya sami abu guda da shi yake cewa a fara, shi yake cewa a tsaya.

Magana dai har yanzu shiru. Wata yarinya Zoe, mai koya masa magana, tana zuwa da hotuna tana cewa ya faɗi sunansu, shi kuwa sai ya rufe ido.

Mun kusa haddace waɗanda kika aiko. In akwai wasu, muna so.

Ki huta lafiya.
Taki, Asama'u

*

Handsworth
Nuwamba

Maman Nabil,

Sannunku da sanyi. Wasiƙarki ta sa na yi rawa a kicin ni kaɗai. Na gode wa Allah!

Na zazzage akwatina na sami wasu finafinan, sannan na sami abin da ya fi su. Kin tuna bikin Lovelyn a Jos? Bartholomew bai daɗe da rasuwa ba, ina ta kukan wa zai tsaya wa 'yata a matsayin uba. Injiniya ya tuƙo mota tun daga Kaduna, ya shigo zauren coci da babbar rigarsa, ya karɓi lasifika. Ya yi wa ango kashedi har mutane suna riƙe ciki don dariya, daga baya ya yi maganar abokinsa, kowa ya yi hawaye. Ke ma kina ciki, da ɗankwalin nan da kika ce ya fi ƙarfin kanki.

Faifan ke nan mai rubutun jan biro. Shi kaɗai gare ni, amma ku riƙe shi yadda kuke so. Ya ga mutanen gida, ya ga Jos, zuciyarsa za ta yi sanyi.

A gaishe shi da kyau.
Celestina

*

Fallowfield, Manchester
Disamba, 2023

Maman Lovelyn,

Bayan gaisuwa. Na ga kiranki a waya, ki yi haƙuri ban ɗauka ba. Ban san me zan ce ba.

Mun saka faifan bikin. Da farko ya ji daɗi, yana nuna mutane da yatsa yana duba na, ni ina faɗin sunayensu. Sai aka zo inda ya miƙe ya karɓi lasifika. Muryarsa ta cika falon, irin yadda take a da. Na ga yana motsa baki yana so ya bi, abin da ya fito kuwa ba magana ba ce. Ya sake gwadawa. Sai ya share rimot da kofin shayi da duk abin da ke kan tebur zuwa ƙasa, ya juya fuska.

Tun ranar ba ya zama a falo. Abinci sai an yi da gaske. Zoe ta zo ya ƙi fitowa, ta koma. GP, likitanmu na unguwa, ya ce a sa masa ido, in abin ya ci gaba za a ƙara masa magani. Nabil ya yi fushi, ya ce wane ne zai nuna wa wanda ya rasa harshe yadda yake magana a da. Ni kuwa ni na ɗora faifan da hannuna.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba. Na san da zuciya ɗaya kika aiko. Amma ɗan abin da muka samu ya tafi, kuma ina jin tsoro. Na cire wayar na'urar daga bango.

Ki saka mu a addu'a.
Asama'u

*

Handsworth
Disamba

Maman Nabil,

Na karanta. Ba ni da bakin magana. Ni da nake wuni da marasa lafiya ya kamata in yi tunani, amma murna ta rufe mini ido. Ki ba Injiniya haƙuri, ki ba Nabil haƙuri. Na saka ambulan mai kan sarki a ciki, ki maido mini da faifan kada ya sake ganin sa.

Ba zan dame ki da kira ba. Duk ranar da kika ce in zo, ko wanke-wanke ne, zan hau mota. Mun saka sunansa a addu'ar mata a coci.

Celestina

*

Fallowfield, Manchester
Fabrairu, 2024

Zuwa ga 'yar'uwata Maman Lovelyn,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya aiki, yaya su Lovelyn da jikoki? Na san kin yi ta duban akwatin wasiƙa ba ki ga faifanki ba. Ba zai zo yanzu ba, ki zauna ki ji dalili.

Na saka shi a ambulan ɗinki na liƙe, na ajiye a kan tebur ɗin falo da niyyar in jefa a akwatin gidan waya in na fita. Ranar da zan fita awon hawan jini na manta shi. Rumaisa tana sama tana aikinta a kwamfuta, Malam yana ɗaki. Da na dawo bayan azahar, tun daga ƙofa na ji muryarsa ta da tana cewa, "Jama'a, sannunku da zuwa." Sai shiru. Sai ta sake faɗa.

Na leƙa. Yana zaune a kujerarsa, sandarsa a ƙasa, ambulan a yage da alamar haƙori. Shi ya fito, shi ya sunkuya ya mayar da wayar bango, shi ya ɗora faifan. Yana tsayar da hoton, ya dawo da shi baya, ya zuba wa bakin kansa ido a talabijin, nasa bakin yana motsi. Na koma kicin a hankali na zauna da mayafina a jiki.

Haka ya yi ta yi kullum. Ba ya son kowa a falon in yana yi, mu ma muka bar shi. Ya dawo cin abinci. Da Zoe ta zo na ba ta labari, ta roƙi ya bar ta ta gani. Ba ta jin Hausa, amma ta ajiye hotunanta ta zauna kusa da shi tana buga masa tebur da yatsa daidai da tafiyar maganar. Sauti ya fara kama hanya, amma kalma ba ta fito ba tukuna.

Sai ranar Asabar da ta wuce na'urar ta ƙi buɗe baki, ga faifan a ciki. A danna, ta yi gurnani, faranti ya ƙi fitowa. Nabil ya duba ya ce irin waɗannan ba a gyara su, zai ɓalle ta ya ciro faifan, ya juye bikin a tablet, ita kuma a kai ta bola. Ya cire wayoyi, ya ɗauke ta ya nufi ƙofa.

"Bari."

Duk muka tsaya. Nabil ya juyo ya ce, "Abba, me ka ce?"

"Bari," in ji shi, ya buga tebur da tafin hannu.

Nabil ya ajiye ta a gabansa. Malam ya juya yatsa yana nuna a kawo sukurdireba. Ya nuna kusoshi ɗaya bayan ɗaya, Nabil yana kwancewa. Da murfin ya tashi ya daɗe yana duban cikin, irin duban da yake yi wa inji a da, sai ya ɗora yatsa a kan wata 'yar roba baƙa da ta zame daga kan 'yar tayar da take juyawa. Nabil ya mayar da ita. Aka jona, aka danna, faranti ya fito. Yaron nan ya shiga kicin wai zai wanke hannu, ya buɗe famfo ya daɗe bai fito ba.

Yanzu yana cewa ruwa, yana cewa sannu, yana cewa a'a, wannan kam fiye da yadda nake so. Shekaranjiya ina ninke kaya ya ce, "Ma'u." Ba wanda yake kira na haka sai shi.

Likita ya ce kada mu sa rai za ta dawo duka, kuma mun karɓa. Abin da Allah ya ba mu ya isa a gode. Wasiƙar da na rubuto miki a Disamba ta yi kaushi da yawa, ki yafe mini, tsoro ne. Nabil ma ya ce in gaishe ki, ya ce in tambaye ki shagon da kika sayo ta, yana so ya ajiye wata saboda ko ta kwana.

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya jiƙan Baban Lovelyn, ya raya miki zuriya, ya ba ki mai yi miki a ranar da kike bukata.

Malam ya ga ina rubutu ya nuna alƙalamin. Yana nufin shi ma zai rubuto miki, da kansa. Yana ta gwaji da hannun hagu a bayan ambulan, in ya gama zan jefa miki.

Taki har kullum,
Asama'u

*

Manchester
Maris

Maman Lovelyn,

Sannu.

Na gode.

Ki zo da Sallah. Zan faɗa da baki.

Bara'u