Manzo Ya Ce

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Hussaina ta ci tuwo yau. Rabin malmala, amma ta ci. Tun da 'yan bindiga suka ɗauke ɗanta Abdulaziz a gonarsu ta Kucheri, ta dawo gidana nan Gusau, ban ga ƙanwar nan tawa ta kai loma baki ba sai da lallashi. Na tambaye ta, ta ce maƙwabciyarmu ce ta karanta mata hadisi daga waya: wai uwar da ta ajiye wa ɗanta da ya ɓace ruwa a randa, ba za ta mutu ba sai ya dawo ya sha. Har ta wanke ƙaramar randar bayan ɗaki, ta cika, ta rufe da faifai.

Na daɗe ina karantar da mata hadisi a Islamiyya, ban taɓa cin karo da wannan ba. Wataƙila ilimina ne bai kai ba. Allah ya sa hakan ne.

Laraba, 10 ga Yuli

Na ga saƙon da idona. "Manzo (S.A.W.) ya ce," sai maganar. Ba sahabin da ya ruwaito, ba littafi. Lafazin ma ƙamshin Hausa yake yi.

Asabar, 13 ga Yuli

Na je wurin Malam Bawa, wanda ya biya mini littattafai tun ina amarya. Ya sauko da su, ya duba, ya sa aka duba a na'ura. Babu. "Ba shi da asali, Malama Asiya. Kuma ke kin san abin da ya hau kan wanda ya sani ya yi shiru." Na sani. Ni ke faɗa wa ɗalibai irin gargaɗin da ya zo kan jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba, har wasu su yi hawaye.

Na dawo na tarar Hussaina ta yi kitso.

Talata, 16 ga Yuli

'Yan bindigar ba su kira ba. Ba wanda ya ga Abdulaziz. Ruwan sama tun safe.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na ce bari in bi maganar baki da baki, yadda magabata ke bin isnadi, ko zan tarar da wata ruwaya ko da mai rauni ce, in samu abin riƙewa. Maƙwabciya ta samu a zauren matan unguwa na waya, su kuma daga wata Wasila a Bungudu. Na kira ta. Yarinya mai ladabi, Malama kaza, Malama kaza. Ta ce kawunta Labbo na Rawayya ne ya turo mata da murya lokacin da aka yi musu rashi, ita ta mayar rubutu. "Na ji Kawu bai yi salati ba, na ce tsufa ne, sai na sa mishi."

Na karɓi kwatancen gidan kawun nata.

Lahadi, 21 ga Yuli

Rawayya. Na ce wa Hussaina gaisuwar rasuwa zan je. A mota kowa shiru, idanu kan daji, wata tsohuwa tana jan carbi har muka sauka.

Na tarar da Baba Labbo a zaure yana ɗinke buhu. Da na karanta masa saƙon har da salatin, sai ya ajiye basilla ya yi ta dariya, tari ya sarƙe shi. Daga baya ya dawo yana istigfari.

"Wane Manzo? Manzo dai na nan, mai ginar rijiya! Gidanai na can bayan masallaci. Subhanallahi, wagga ɗiya ta ja muna."

Sunan yanka ne kawai. Manzo, mutum mai gajeren wuya da son goro, in ji Baba Labbo, ko Fatiha sai an gyara masa. Ɗansu ya tafi cin rani kudu shekarun baya, aka daina jin labarinsa, matar ta ƙi ci ta ƙi sha. Shi ne ya ƙirƙiro mata maganar randa don ta samu abin tashi da safe.

Da ban yi tambayar gaba ba. Na ce yaron ya dawo?

"Ina! Ita ta riga Manzo tahiya. Mu munka zubar da ruwan."

Ya sa aka kawo mini fura. Na kasa sha.

Laraba, 24 ga Yuli

Na yi wa aji bayani, na roƙi kowa ta goge, ta gaya wa wadda ta tura wa. Suka ce to. Wata daga baya ta ce, "Amma Malama, ai maganar ta yi daɗi." Sai na tuna ita ma mijinta yana daji, hannun 'yan bindiga. Na kasa kallonta.

Wasila ta kira tana kuka, ta ce ta goge. Ta goge nata.

Juma'a, 26 ga Yuli

A walimar sauka na ji wata mai wa'azi ta kawo hadisin randar ta lasifika. Yanzu har ya samu sunan sahabi da lambar shafi. Mata suna ta Allahu Akbar. Ina zaune da kwanon shinkafa a cinya, muryata ko a aji sai an yi shiru ake ji.

Ba zan iya da gari ba. Amma na gida fa? Wannan ba ni da uzuri. Kullum in ce bayan Asuba, in ga Hussaina ta sauya ruwan tana 'yar waƙarta, in ce bayan La'asar. In na faɗa, na san inda za ta koma, na ga ƙasusuwan wuyanta a watan jiya. In ban faɗa ba, da wane ido zan dubi ɗalibaina.

Talata, 30 ga Yuli

Ita ta same ni ina tsince shinkafa. Ashe ta ji a unguwa cewa na yi magana a aji. Ta durƙusa gabana kamar ba uwa ɗaya ta haife mu ba.

"Yaya, ke ba ki ƙarya. In kin ce babu, na yarda babu. Wa ya hwaɗe ta?"

Ta dafa gwiwata.

Na ce, "Manzo ne ya faɗa. Na bi ta har tushe."

Ta yi salati da ƙarfi, ta kifa kai a cinyata. Ni ma na yi. Salati ai ba shi da lokacin da aka hana.

Ban yi ƙarya ba. Na auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya, babu ta ƙarya a ciki.

Na aika a ce wa aji gobe ba karatu, kaina ke ciwo.