Baƙi Biyu a Jinina

Yaya, salamu alaikum.

Bari in fara da abin da ban faɗa wa kowa ba: watan jiya a gadon asibiti na ƙare shi. Kada hankalinki ya tashi, na warke, sai ɗan ciwon gaɓoɓi. Ya ƙafar Umma? Auta yana shiga gidan sauro kuwa?

Zazzaɓin dengue ne, wanda sauro ke kawowa. Likitar da ta duba ni ta ce ƙwayar cutar iri biyu ta samu a jinina lokaci guda, kuma idan suka haɗu haka sukan iya musayar ƙwayoyin gado, a samu sabo. Na ce, "Kamar aure ke nan?" Ta yi dariya ta ce, "'Yata, rage karatun soyayya." Na rufe fuska da mayafi. Amma tun da ta nuna mini su a kwamfuta, wallahi littafina yana ƙarƙashin filo ban sake buɗewa ba. Irin aikinta nake so in karanta.

Tana son yin bincike a kan jinina, amma sai Baba ya yarda. Kin san shi, yana jin asibiti zai ce in tattara in bar makaranta in dawo gida. Don Allah ki lallaɓa shi, maganarki yake ji. Allah ya bar mana ke.

Sau nawa na so yaga takardar nan. Ga Kawu can yana ɗaure kaya a mota, bari in sauka in ba shi ya kawo miki.

Ƙanwarki