Ƙorafi Kan Sare Kurangar Inabin Marigayi Aniello

Nunziata Cammisa,
Layin Tsohuwar Rijiya,
Casalrovo, Lardin Caserta.
17 ga Afrilu, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Casalrovo.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SARE KURANGAR INABIN ASPRINIO A GONARMU, DA ROƘON A DAKATAR DA SAURAN AIKIN

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce matar marigayi Aniello Pezone, wanda ya rasu a watan Nuwamban bara. Ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar Talata, 11 ga Afrilu, ina Napoli wajen 'yata don bikin Ista, ma'aikatan da ofishinka ya ɗauko daga wani lardi suka shiga gonarmu rage rassan da ke taɓa wayar lantarki. Ban ƙi wannan ba. Amma ka sani, kamar kowa a garin nan, mu ba ma kafa wa inabi sanda. Jikin dogayen bishiyoyin pioppo muke ɗora shi ya hau har ya wuce bene, abin da kakanninmu ke kira aurar da inabi ga bishiya. Su ba su sani ba. Suka ɗauka ciyawa ce ta shaƙe bishiyoyi, suka sa zarto suka datse layin inabi na gabas gaba ɗaya daga gindi.

2. Da na sami shugabansu, sai ya ce wai in kwantar da hankalina, ai taimaka mini suka yi, yanzu bishiyoyin za su sha iska. Har da cewa ba sai na gode ba. A lokacin kuwa kututturan suna ta zubar da ruwa, kamar yadda inabi ke yi in an yanke shi da bazara. Har yau ƙasar wurin ba ta bushe ba.

3. Kakan mijina ne ya dasa waɗannan inabin. Giyarsu fara ce, mai tsami kamar ɗanyen lemo, irin wadda baƙo ke yamutsa fuska a kurɓin farko. Sai an ajiye masa cukun madarar ɓauna ko soyayyun ƙananan kifi, ta wanke masa maiƙo daga baki, sannan ya miƙo kofi a ƙara. Aniello kan ce duk wanda ya ce ta yi tsami, to, da yunwa ya sha ta. Tsanin da yake hawa don tsinkar inabi, da tsawon ƙwaurinsa aka auna matakansa, don haka ba ya yi wa kowa daidai. Yana nan jingine a zaure. Na yi niyyar a sassaƙa wa jikanmu nasa a bana, ya koya a jikin kurangar da kakansa ya koya. Ranka ya daɗe, zuciyata ta karye, kuma ban san a wane sashe na ofishinka ake kai irin wannan ba.

4. Layin yamma kaɗai ya rage, shi ma an shafa masa jan fenti, alamar za a sare shi. An ce ranar Litinin, 24 ga wata, za su dawo.

Saboda haka ina roƙon ka ba da umarni a rubuce cewa kada zarto ya taɓa layin yamma, kuma a haɗa ma'aikatan da ɗan gari ko da ɗaya ne. Ba na neman diyya. Ko an dasa sabo gobe, ba zan kai lokacin da zai hau bishiya ba.

Idan kuma aikin ba zai tsayu ba, ina roƙon alfarma ɗaya: a aiko mini da sa'ar da za su zo. Zan ɗauko kujera in zauna a gindin inabin. Wancan karon ba kowa a wurin.

Ka huta lafiya, tare da dukkan ladabi da biyayya.

Taka mai biyayya,
Nunziata Cammisa